Harajin da ba a yanka masa rasit: yadda iska ke shanye man direbobin Jibiya

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Magama ranar Lahadi, ranar da kasuwar Jibiya ke ci, ba zai daɗe ba zai ga irin motar. Golf ce ƙirar shekarun 1990, but ɗinta a wangale, an ɗaure murfinsa da igiya a kan buhuna, an kuma jibga wasu a bisa rufi har tudun kayan ya yi kamar wata motar ce aka ɗora a kai. Bayanta ya durƙusa, goshinta ya kalli sama. A haka za ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi, ko ta juya zuwa Katsina.

Direbanta ya san abin da yake biya a hanya: kuɗin tasha, na kamasho, na ƙungiya, da abin da ake miƙawa a shingayen da suka yi wa hanyar Katsina zuwa Jibiya suna. Sai dai akwai wani kuɗin da yake biya a kowane sawu ba tare da kowa ya ɗaga masa hannu ba. Iskar da motar ke ketawa ce ke karɓa, kuma da fetur ake biyan ta.

A da wannan ba abin damuwa ba ne, domin man yana da araha. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a jawabinsa na kama aiki, farashin gwamnati bai kai naira 200 a kan lita ba. Cikin kwanaki ya haura naira 500. A watan Oktoban 2024 gidajen man kamfanin NNPC a Abuja suka kai shi naira 1,030. Mutanen mazaɓar Mazanya da Magama kuwa sun riga sauran ƙasar ɗanɗana tsadar. Tun watan Nuwamban 2019, watanni uku bayan gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu, hukumar kwastam ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Jibiya na cikin wannan da'ira, don haka jarka da galan ɗin 'yan bumburutu suka maye gurbin famfo. An buɗe iyakar Jibiya a watan Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, sannan aka buɗe a watan Maris na 2024. Kowace rufewa ta rage wa direba sawu, kowane ƙarin farashi ya rage masa riba, abin da ya rage masa kuwa shi ne ya ƙara lodi.

A nan maganar ta haɗu da wani fanni da ake ganin na injiniyoyin jiragen sama ne da masu tseren motoci. A Amurka da Turai akwai masu sha'awar yi wa motocinsu kwaskwarima a gida, da falankin alminiyam da roba da kusoshi, domin su riƙa sulɓewa cikin iska su rage shan mai. Hotunan aikinsu sun cika YouTube da Facebook. Tambayar da ta shafi mai Golf a Jibiya ita ce, a cikin waɗannan dabaru wanne ne zai yi masa amfani, wanne ne ado kawai, wanne ne kuma zai iya ƙona masa inji ko ya halaka fasinja.

Abin da iska ke yi wa mota

Iska tana da nauyi, ko da yake jiki ya saba da ita har ba ya jin sa. A bakin teku, cikin yanayi mai sanyi-sanyi, akwatin da ke da mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi yana ɗauke da iskar da ta kai kilo 1.2. A Jibiya, inda ƙasa ta fi teku tudu kuma zafin Afrilu ke haura digiri 40, nauyin yakan sauka zuwa kusan kilo 1.1 ko ƙasa da haka kaɗan. Wannan ɗan rangwame ne da zafi ke yi wa direba, kuma shi kaɗai ne rangwamen.

Motar da ke tafiya dole ta ture wannan iska gefe, iskar kuma ta turje. Abubuwa huɗu ne ke ƙayyade ƙarfin turjiyar: nauyin iskar, faɗin fuskar motar idan aka kalle ta daga gaba, siffar jikinta, da gudunta. Siffar ita ce injiniyoyi ke aunawa da wata lamba da suke kira Cd. Allon da aka tsayar a gaban iska lambarsa ta haura 1. Golf ta biyu tana da 0.34, Toyota Prius ta 2004 tana da 0.26, Mercedes EQS kuma 0.20. Duk yadda lambar ta yi ƙasa, haka motar ke sulɓewa.

Gudu ne dai uban tafiyar. Idan aka ninka gudu sau biyu, turjiyar ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi, ƙarfin da inji zai fitar domin ya rinjaye ta a kowace daƙiƙa kuma ya ninka sau takwas. Yaron da ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota ya san wannan ba tare da an koya masa ba: a cikin gari iskar shafa ce, a kan babban titi kuwa duka ce.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mafi yawan ɓarnar a bayan mota ake yin ta. Iskar da ta bi ta kan rufi da gefuna, idan ta iso inda jikin motar ya yanke kwatsam, ba ta iya lanƙwasawa ta cike gurbin. Sai ta rabu da jikin, ta bar wani rami mai ƙarancin matsi a baya, inda take ta juyi kamar ƙaramar guguwa. Wannan rami yana tsotso motar baya. Shi ne dalilin da ya sa ƙura ke taruwa a gilashin bayan Sharon da J5 a hanyar burji, alhali gilashin gaba bai yi rabin dattinsa ba. Girman wannan rami shi ne girman harajin.

Lissafin sawu ɗaya

Ga lissafin misali, wanda kowane ɗalibin fiziks na sakandare zai iya maimaitawa. A ɗauki ƙaramar mota mai faɗin fuska murabba'in mita 2, lambarta 0.32, nauyinta da fasinjoji kilo 1,500. A gudun kilomita 80 cikin awa, iska na danna ta da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 18. A gudun 100 ya zama kilo 28. A gudun 120 ya zama kilo 40. Gogayyar tayoyi da kwalta, wadda gudu ba ya canza ta sosai, ita ma kusan kilo 18 ce. Wato a gudun 80 iska da taya raba daidai suke yi, daga nan zuwa sama kuwa iska ce ke cin kaso mafi tsoka.

Litar fetur tana ɗauke da makamashi mai yawa, amma abin da ke isa ga tayoyi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, sauran yana fita ne a matsayin zafi ta salansa da lagireto. Idan aka yi lissafi a kan haka, yaƙi da iska kaɗai yana cin kusan lita 2 a kowane kilomita 100 a gudun 80, da kusan lita 3 a gudun 100. Wannan ban da abin da taya da inji da birki ke ci.

Yanzu a ɗora kaya a rufi, faɗinsu mita 1.2, tsayinsu rabin mita, gabansu a tsaye kamar bango. Faɗin da aka ƙara bai kai kashi ɗaya cikin uku na fuskar motar ba, amma siffarsa ta akwati ce, lambarsa kusan 1. Sakamakon shi ne turjiyar kayan kaɗai ta kusa kai ta motar gaba ɗaya. An ninka harajin ke nan.

Daga Katsina zuwa Maraɗi kimanin kilomita 90 ne, zuwa da dawowa 180. Motar da ta yi wannan tafiya da irin wancan lodi a gudun 100 za ta ba iska kusan lita 11, rabinsu saboda kayan rufi. Idan ta yi a gudun 80, kusan lita 7 za ta bayar. Bambancin ya kusa lita 4, wato kusan naira 3,500 idan an sayi lita a naira 900, kuma abin da direba ya yi asara na lokaci minti 13 ne ko 14 a kowane ɓangare. Lissafin ya ɗauka cewa motar na tafiya ba tsayawa, abin da ba ya faruwa a wannan hanya, don haka ainihin alƙaluman za su ɗan yi ƙasa. Amma sun yi daidai da abin da ma'aikatar makamashi ta Amurka ke gaya wa direbobin ƙasarta, cewa akwatin kaya na kan rufi yana rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 6 zuwa 17 cikin ɗari a babbar hanya, har kashi 25 a babban gudu. Kuma akwatin da suke magana a kai ƙerarre ne, ba buhunan da aka ɗaure da igiya ba.

Sai hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar na kaɗowa daga arewa maso gabas, don haka mai nufar Maraɗi yana karɓar ta a gefe da gaba. Abin da turjiya ke dubawa shi ne gudun mota a cikin iska, ba a kan kwalta ba. Motar da ke gudun 80 tana fuskantar iska mai gudun 20, daidai take da mai gudun 100, turjiyarta ta ƙaru da fiye da rabi, alhali agogon gudu bai motsa ba.

Kada a ɗauka direban bai san abin da yake yi ba. Idan kuɗin dakon kayan rufi ya fi kuɗin litoci biyar ɗin da suka jawo, to ya ci riba, kuma galibi haka ne. Haka kuma shawarar a rage gudu tana da sauƙin faɗi daga ofis. Yankin Jibiya ya shafe shekaru yana fama da 'yan bindiga, kuma mai son ya wuce wani daji kafin magariba ba lissafin lita ne a gabansa ba. Shingayen ma suna da nasu kaso: tsayar da mota mai nauyin kilo 1,500 daga gudun 80, sannan a sake kai ta wannan gudu, yana cin kusan mililita 40 na fetur. Tsayawa 25 lita guda ke nan, ban da man da inji ke sha yana jiran a gama duba takardu. Duk mai son rage wa direban Jibiya shan mai, akwai abin da zai iya yi masa ba tare da ya taɓa jikin motar ba.

Daga akwatin NASA zuwa ɗan Sakkwato

Ilimin ba sabo ba ne. A 1921 Edmund Rumpler ya nuna wata mota a Balin mai siffar ɗigon ruwa. Da kamfanin Volkswagen ya gwada ta a ɗakin gwajin iska a 1979, sai aka samu lambarta 0.28, ta fi Golf ɗin da kamfanin ya fitar shekaru huɗu bayan gwajin. A shekarun 1930 wani Bajamushe, Wunibald Kamm, ya nuna cewa ba dole ne mota ta yi doguwar jela kamar kifi ba. Idan aka tsuke bayanta a hankali, sannan aka datse shi a tsaye, za a samu mafi yawan amfanin. Siffar Prius daga nan ta samo asali. A 1984 kuma S. R. Ahmed da abokan aikinsa a Jamus suka wallafa wani gwaji da har yau ake koyarwa, wanda ya nuna cewa gangaren bayan mota yana rage turjiya har zuwa kusan digiri 12, amma idan ya doshi digiri 30 sai turjiyar ta kai ƙololuwa. Mai walda da ya ƙera jela da ido, yana iya ƙara wa motar shan mai yana zaton ragewa ya yi.

Gwajin da ya fi kusa da halin Jibiya shi ne wanda hukumar NASA ta yi bayan rikicin man fetur na 1973. Wani injiniyanta, Edwin Saltzman, da ke zuwa aiki a kan keke a Kalifoniya, ya lura da yadda manyan motoci ke ture shi da iska idan sun zo wucewa, sannan su tsotso shi idan sun wuce. Shi da abokan aikinsa suka lulluɓe wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da falankin alminiyam har ta zama akwati mai kaifafan kusurwoyi, suka auna, sannan suka lanƙwasa kusurwoyin suka sake aunawa. Turjiyar ta ragu da fiye da rabi, alhali wurin zuba kaya ɗan kaɗan ya ragu. Hular da ake gani a kan manyan tireloli a yau tana da alaƙa da wannan aiki.

Ko ƙwararru iska ba ta jin kunyarsu. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya daga 2017 zuwa 2023, ya yi suna ne da zanen samfurin Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007. Samfurin ya burge duniya, amma da aka shigar da shi ɗakin gwajin iska, sai wani mataimakin shugaban kamfanin, Bob Lutz, ya yi barkwancin cewa da an juya motar ta baya da sakamakon ya fi kyau. Motar da aka fitar kasuwa daga baya an sauya mata siffa sosai, lambarta ta sauka zuwa 0.28. Abin da ido ke gani a matsayin mota mai gudu da abin da iska ke yarda da shi, sau da yawa hanyarsu daban.

A ɓangaren masu aikin gida, wadda aka fi ambata ita ce wata Honda Civic ƙirar 1992 a jihar Karolina ta Kudu, wadda mai ita ya yi wa dogon hanci da jela, ya rufe ƙasanta da tayoyinta. Ya ce kayan aikin sun ci masa kusan dala 400, kuma motar na yin kusan kilomita 40 da lita ɗaya a babbar hanya. Iƙirarinsa ne, ba na wata hukuma ba. Abin lura shi ne hanyar da yake bi shimfiɗaɗɗiya ce, ba ya ɗaukar fasinja shida, ba ya kuma faɗawa rami.

Abin da zai yi aiki a nan, da wanda ba zai yi ba

Dabarar da ta fi yawo a intanet ita ce toshe ragar gaban mota, inda iska ke shiga ta sanyaya lagireto. Gaskiya ne iskar da ke bi ta cikin ɗakin inji tana jawo turjiya, amma kason bai cika kai ɗaya cikin goma ba, kuma masu yin haka galibi a ƙasashen sanyi suke. Motar Kwatano da ta shekara talatin, lagiretonta ya sha ƙurar hunturu da ruwan rijiya, tana ɗauke da lodi ninki biyu a zafin digiri 40, iskar nan ita ce ranta. Wanda ya toshe ta domin ya tsira da rabin kofin mai, zai biya kuɗin gasket da na bakanike, watakila har da na sabon inji.

Rufe ƙasan mota da falanki yana da amfani na gaske, domin tayoyi da ramukansu da tarkacen ƙarƙashi suna da babban kaso a turjiya. Matsalar ita ce salansa. Roba ko katakon silin da aka manna kusa da shi zai narke ko ya kama wuta, falankin kuma yakan tara mai da ke ɗiga daga tsohon inji. Hatsarin ya ninka a motocin da aka yi wa irin kwaskwarimar da wannan yanki ya fi sani. Shekaru da dama masu walda a garuruwan iyaka sun ƙware wajen faɗaɗa tankin mai da ƙara wani a ɓoye, da ƙara sifirin a baya domin mota ta ɗauki nauyin da ba a ƙera ta dominsa ba. Hukumar kwastam ta sha nuna irin waɗannan motoci, musamman bayan ta ƙaddamar da samamen yaƙi da fasa-ƙwaurin fetur a watan Mayun 2024. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Tankin da aka yi wa walda a gareji, idan aka rufe ƙasansa aka hana iska share tururin, an haɗa wuta da auduga. Baiwar hannun dai tana nan, abin da aka sa ta yi ne kawai ya sha bamban.

Fiffiken da samari ke ɗaura wa bayan Civic da Corolla ado ne. A motar tsere aikinsa danna mota ƙasa, kuma da ƙarin turjiya ake biyan wannan. Haka ƙarfen gaba, da jerin fitilun rufi, da faffaɗan tayoyin da suka leƙo waje. Cire madubin gefe kuwa, wanda wasu ke yi a can ƙasashen, ba abin da zai saya wa direba sai tara daga hukumar kiyaye haɗurra da kuma makanta a titin da babura suka cika. Maganaɗisun da ake liƙa wa bututun mai da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki ma ba sa cikin lissafi: hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urori fiye da 100 masu irin wannan iƙirari, ba ta samu wadda ta yi tasirin a zo a gani ba.

Abin da ya rage ba shi da ƙayatarwa, shi ya sa ba a yin bidiyonsa. Kariyar da babu kaya a kanta a kwance ta. Wani bincike da masanan cibiyar Berkeley suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa kariyoyin rufi sun ci wa Amurka galan miliyan 100 na fetur a 2015 kaɗai. Idan dole ne a ɗora kaya, shimfiɗa su a kwance, dogaye kuma gajeru, ya fi tara su tudu guda. Ƙananan kaya a gaba, manya a tsakiya, a ja da su baya kaɗan daga saman gilashin gaba, yadda iskar da ta hau gilashin za ta ci gaba da hawa ba tare da ta ci karo da bango ba. A lulluɓe da tamfol a ɗaure shi tamau, domin tamfol mai kaɗawa kamar tuta shi kansa birki ne. Ɗan falanki mai gangare a gaban kariya, wanda kowane mai gyaran jikin mota a Kofar Ƙwaya ko cikin Jibiya zai iya lanƙwasawa, shi ne gwajin NASA a ƙaramin sikeli, muddin an ɗaure shi da noti ba da waya ba, domin falankin da ya fizge a gudun 90 wuƙa ce ga na baya. Idan irin wannan gyara ya rage kashi ɗaya cikin uku na turjiyar kayan, a lissafin da ya gabata an tsira da kusan lita 1.8 a sawu, kimanin naira 1,600. Sawu 25 a wata naira 40,000 ke nan, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024.

Akwai iyaka da ba ta iska ba. Kamfanin Volkswagen ya ƙayyade wa rufin Golf kilo 75, buhun masara ɗaya kuwa ya wuce haka. Nauyi a sama yana sa mota saurin kifewa idan an kauce wa rami ko taya ta fashe. Buɗaɗɗen but ma yana da nasa sharrin da ba a cika faɗa ba: ramin nan mai tsotso da ke bayan mota yana jawo hayaƙin salansa ya shigar da shi ciki, kuma a cikin hayaƙin akwai gubar da ba ta da wari ko launi, mai sa ciwon kai da gyangyaɗi. Littattafan masu ƙera motoci suna gargaɗi a kan tafiya da but a buɗe saboda wannan. Fasinjan kujerar baya da ya sauka a Maraɗi kansa na sarawa, ba lallai rana ce ta buge shi ba.

Taya kuwa mai faci ne zai duba ta, kuma aikin minti biyar ne. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce duk raguwar awon iska ɗaya a tayoyi yana cin kashi 0.2 cikin ɗari na mai. Ba yawa, amma tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce ke zafi ta fashe a ƙarƙashin lodi.

Yadda za a gane gaskiya

Ba a buƙatar ɗakin gwaji domin a ga iska. A yanka zaren ulu tsawon ɗan yatsa, a liƙa su jere a rufi da gilashin baya da kan tamfol, wani ya bi motar a wata motar yana ɗauka da waya. Inda zaren ya kwanta ya miƙe baya, iska na manne da jiki. Inda yake rawa ko ya juyo gaba, ta rabu, kuma nan ne mai ke zuba. Domin auna amfani, a samu miƙaƙƙen titi marar cunkoso, a kai gudun 90, a cire giya ba tare da kashe inji ba, a ƙirga daƙiƙun da za a ɗauka kafin a sauko 60. A yi zuwa da dawowa sau da dama domin a soke tasirin iska da gangare, a sa gyaran a maimaita, sannan a cire shi a sake maimaitawa. Matakin ƙarshen nan ne ke raba mai gwaji da mai yaudarar kansa, domin wanda ya kashe kuɗi a kan gyara yakan sassauta ƙafa a kan totur ba tare da ya sani ba, sai ya yaba wa falanki aikin da ƙafarsa ta yi.

Irin wannan gwaji ne ya kamata a ce ana yi a Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, mai nisan ƙasa da awa ɗaya daga Magama, ko a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ɗalibanta suka taɓa ƙera mota domin gasar tsimin mai ta Shell Eco-marathon. Golf ɗaya, kariya ɗaya, buhuna goma da agogon waya sun isa aikin kammala karatu da ƙungiyar direbobi za ta iya amfani da sakamakonsa.

Maganin da gwamnatin tarayya ta gabatar wa tsadar mai shi ne shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas, wanda aka sanar a 2023, sai kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kusan kilomita 284, da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, wanda zai ratsa Katsina da Jibiya. Jirgin, idan ya fara aiki, zai ɗauke buhunan daga rufin Golf. Gas ɗin kuwa akasin haka zai yi. A ƙaramar mota but ne mazaunin tukunyar, don haka kayan da ke zama a can dole su nemi wani wuri, kuma wurin da ya rage shi ne sama.